Mutum 14 a takarda: Nicodemus gari ne ko kufai?

Auwalu_Kansas:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Asabar ɗin da ta wuce na je wani wuri da har yau ya ƙi fita daga raina, shi ne na ce bari in kawo maganarsa nan. Sunansa Nicodemus, a gundumar Graham, jihar Kansas ta Amurka. Daga Hays inda nake karatu tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, a nufi arewa maso yamma. Yana bakin babbar hanya mai lamba 24, Stockton na gabas da shi, Hill City na yamma. Hill City ce hedikwatar gundumar, tsakaninsu kilomita 20 da 'yan kai.

Tankin ruwan garin za ka fara hangowa tun daga nesa, don babu dutse, babu daji, sai gonaki da ciyawa iya ganin ido. Na tsaya gaban wani ɗakin taro da aka gina da farin dutsen yankin a 1939. Da na kashe mota, wallahi babu abin da kunnena ke ji sai iska. Titunan a yanke suke tsaf, kowanne ya gitta ɗan'uwansa, alamar waɗanda suka shata su babban gari suka sa a rai. Amma tsakanin gida da gida sai ka wuce fili biyu ko uku babu komai a kai.

Ƙidayar Amurka ta 2020 ta rubuta wa wurin mutum 14. Ba shi da magajin gari, ba shi da majalisa, doka ba ta san shi a matsayin gari mai hukumar kansa ba. Amma baƙaƙen fata da suka fito daga bauta ne suka kafa shi a 1877, kuma ana cewa shi kaɗai ya rage a yammacin kogin Mississippi cikin garuruwan da suka kafa a wancan zamani. Zuriyarsu ne har yau a ciki.

Tambayata: wuri irin wannan gari za a kira shi, ko kufai?

Sadiq Fagge:
Wa alaikumus salam Yaya Auwalu. Mutum 14 fa ka ce. Gidan kakana kaɗai in an zauna cin tuwon dare an fi haka. Akwai kasuwa? Akwai makaranta? Akwai ko da mai unguwa? In duk babu, to kufai ne da 'yan tsirarun tsofaffi ke gadinsa. Ba raini nake yi ba, amma a kira abu da sunansa.

Auwalu_Kansas:
Kasuwa babu. Gidan waya an rufe shi tun 1953. Ginin makarantar yana nan, na 1918, amma an daɗe da daina karatu a ciki. Yaron da ke yankin, makarantun gunduma yake zuwa a Hill City. Coci kuwa tana aiki.

Baba Malam:
Assalamu alaikum. Sadiq ɗana, kafin ka yanke hukunci bari in warware abu ɗaya, don na ga mutane da yawa suna cakuɗa shi. Shekara 31 na yi ina koyar da labarin ƙasa, kuma wannan batu kullum yana rikita ɗalibai.

A Amurka, samun hukumar gari ba gado ba ne, kuma ba naɗi ba ne daga sama. Mazauna wuri ne ke nema, jiha ta yi musu rajista bisa dokarta, a shata musu iyaka, su zaɓi magajin gari da kansiloli, su sami ikon sa haraji da kafa ƙananan dokoki. Wurin da bai yi wannan ba yana nan da sunansa a taswira, mutane na kwana suna tashi a cikinsa, amma gunduma ce ke riƙe da shi kai tsaye. In an yi sata, sherif za a kira, wato shugaban 'yan sandan gunduma, wanda shi ma zaɓensa ake yi. Harajin fili gunduma ke tarawa. Kansas na da gundumomi 105, kuma a ƙarƙashin gunduma akwai wani ƙaramin yanki da suke kira taunshif, mai 'yan jami'ai zaɓaɓɓu. Ɗakin taron da Auwalu ya tsaya a gabansa na wannan ƙaramin yanki ne, wanda shi ma sunansa Nicodemus.

Saboda haka rashin magajin gari ba shi ke nuna mutuwar wuri ba. Akwai wurare marasa hukumar kansu a Amurka masu dubban ɗaruruwan mutane. Yawancin manyan otal-otal ɗin da ake nunawa a ce Las Vegas ne, a wani yanki suke mai suna Paradise, wanda ba shi da magajin gari, gundumar Clark ke tafiyar da shi.

Sadiq Fagge:
Na karɓi gyara Baba, Allah ya ƙara sani. Amma na Las Vegas ɗin ai suna da jama'a. Ni kan adadin nake magana.

Anti Ladi (Omaha):
To Sadiq ga akasin haka daga jiharmu. A Nebraska, gundumar Boyd, akwai Monowi. Mutum ɗaya ce tak a ciki, wata dattijuwa, tun da mijinta ya rasu a 2004. Amma Monowi gari ne mai rajista. Ita ce magajiyar gari, ita ke cika takardun hukuma duk shekara don a ci gaba da kunna fitilun titi, tana kuma kula da ɗakin karatun da ke ɗauke da littattafan marigayin, wajen 5,000. A doka Monowi mai mutum ɗaya gari ne cikakke, Nicodemus mai 14 ba gari ba ne. Ka ga takarda da adadi kowa hanyarsa daban.

Sannan ku yi hattara da wannan 14 ɗin. A ƙidayar 2020 an rubuta wa Monowi mutum 2. Aka yi ta tambayar waye na biyun, ita kanta matar ba ta san shi ba. Ashe hukumar ƙidaya ce ta shigo da wata dabara ta kare sirrin mutane: kwamfuta na ƙara ko rage 'yan lambobi a ƙananan wurare da gangan, yadda ba wanda zai bi alƙaluma ya gano gidan wane. Jimillar jiha ba ta canzawa, amma ƙaramin ƙauye zai iya samun ƙari ko ragi. A birni mai miliyan ba za a ji ba. A wuri mai mutum goma sha, biyu ko uku ba ƙaramin abu ba ne.

Auwalu_Kansas:
Anti, wannan ban san da shi ba sam. Na ɗauka 14 ɗin ƙidayar kai-da-kai ce.

Baba Malam:
Akwai ƙari a kan maganar Ladi. Tun da wurin ba shi da iyakar doka, hukumar ƙidaya ce da kanta ke zana masa iyaka a taswira don lissafi kawai. Wanda gidansa ke gona kilomita biyu daga wannan layi, ko da kakansa ne ya haƙa rijiyar farko a garin, ba ya cikin 14 ɗin. Cikin mutanen taunshif za a sa shi.

Hajiya ta Maraɗi:
Salamu alaikum, ina yini jama'a. Ni maganar ƙidaya ce ta jawo ni, don na yi aikin da hannuna a ƙidayar Nijar ta Disamban 2012. An tura mu wasu ƙauyuka a arewacin jiharmu. Disamba kun san an gama girbi, samari da magidanta da yawa sun tafi cin rani. Sai ka shiga gida ka tarar da tsohuwa da matan 'ya'yanta da jikoki. Takardarmu tana da gurbi uku: mazaunin da ke nan, mazaunin da ba ya nan, da baƙo. Ban manta wata tsohuwa ba, ina tambayarta mutum nawa ke gidan, ta fara lissafo 'ya'yanta maza da yatsu, har da wanda ya shekara tara a Libiya. Na ce Inna, wannan ya daɗe da yawa, doka ba ta bari in sa shi. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakinsa, ta buɗe. A share yake, ga tabarmarsa a naɗe a jingine. Ta ce to wannan ɗakin na wa ne? Ban rubuta shi ba, don aikin amana ne, amma na fita gidan jikina a sanyaye.

Auwalu ɗana, su can yaya suke yi? Su ma suna da gurbin wanda ba ya nan?

Auwalu_Kansas:
Ina yini Hajiya. A nan ƙa'idar ita ce inda mutum ya fi kwana, a ranar 1 ga Afrilu ta shekarar ƙidaya. In kana aiki a birnin Denver na jihar Kolorado, a Denver za a ƙidaya ka, ko da gonar gadonku na Nicodemus. Kuma labarin tsohuwar nan ya yi daidai da abin da na gani. Filayen nan da na ce babu komai a kansu, da yawa an yanke ciyawarsu tsaf. Ba su yi kama da filin da aka yasar ba. A ɗakin taron aka yi min bayani cewa zuriyar garin sun watsu a Denver, Kansas City, Topeka, Kalifoniya da sauransu, amma duk ƙarshen makon ƙarshe na Yuli suna dawowa. Ɗaruruwan mutane ke cika garin. Tun 1878 ake wannan taro. Asalinsa bikin 'yantar da bayi ne, na 1 ga Agusta, ranar da Ingila ta soke bauta a tsibiran Karebiyan a 1834.

Sadiq Fagge:
Hajiya, labarinki ya taɓa ni, Allah ya sani. Amma ɗan cin rani damina na yi zai dawo ya kama fartanya. Wannan kuwa kwana uku a shekara, a ci a sha a ɗauki hoto a koma. Wannan ziyara ce. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wa zai gyara rufin cocin a watan Janairu? In tsoho ya faɗi da dare wa zai kai shi asibiti? Ranar da 14 ɗin nan suka ƙare, masu zuwa Yuli wurin wa za su sauka?

Ɗanjuma Direba:
Sadiq bai faɗi ƙarya ba. Ni tirela nake ja, shekara shida ina ratsa Kansas da Nebraska da gabashin Kolorado. Irin waɗannan ƙauyuka ba su ƙirguwa. Za ka hango dogon rumbun hatsi na siminti, ka iso ka tarar da gidaje goma, gidan mai ɗaya da ya rufe, shi ke nan. Ka yi kilomita 30 kafin ka ga wani. Kuma ba wai gonakin sun mutu ba ne, a'a, ko'ina a nome yake. Alkama suke shukawa a kaka, ta kwana cikin sanyi, a girbe ta wajen Yuni zuwa Yuli. Dawa kuma, irin tamu amma gajera, babu jihar da ta kai Kansas nomanta a Amurka. Abin da ya faru shi ne inji ya cinye aikin mutane. Gonar da a da gida ashirin ke ci a cikinta, yanzu mutum ɗaya da ɗansa da motar girbi sun isa. To sauran su zauna su yi me?

Baba Malam:
Ɗanjuma ya kawo mu kan ƙasa, kuma nan nake so mu ɗan daɗe, don ba za a fahimci 14 ɗin nan ba sai an fahimci inda aka dasa garin.

Gundumar Graham faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,300. Mutanenta a 2020 su 2,415 ne. Ku raba ku gani: kusan mutum ɗaya a kowane murabba'in kilomita. Fiye da rabinsu kuma a Hill City suke. A 1930 gundumar ta haura mutum 7,000. Ke nan ba Nicodemus kaɗai ke zubewa ba, duk yankin ne, baƙi da fari.

Dalilin farko ruwan sama. Akwai layin taswira na digiri 100 a yamma wanda ya ratsa tsakiyar Amurka daga arewa zuwa kudu. Masana sun daɗe suna ɗaukarsa a matsayin iyaka: gabas da shi ruwa na isar noma, yamma da shi sai da dabara. Nicodemus na dab da wannan layi, ta gabas kaɗan. Ruwan da yankin ke samu a shekara wajen milimita 550 zuwa 600 ne, kuma ba shi da alƙawari, bana ya wadata, baɗi ya ɗauke. Dokar rabon filaye ta 1862 ta ce duk wanda ya zauna a fili eka 160, wato kamar hekta 65, ya noma shi shekara biyar, ya zama nasa. A jihohin gabas masu ruwa eka 160 dukiya ce. A nan kuwa ba ta cika riƙe gida ba. Wani masani, John Wesley Powell, ya kai wa gwamnati rahoto a 1878 cewa a busassun ƙasashen yamma gonar kiwo sai ta kai eka 2,560 kafin ta riƙe iyali. Ba a saurare shi ba. Ku lura da shekarar: an kafa Nicodemus a 1877, gargaɗin ya zo shekara ɗaya bayan mutane sun riga sun sauke kaya.

Hajiya ta Maraɗi:
Malam, milimita 550 ai bai fi namu da wani abin kirki ba. Ashe su ma 'yan bakin hamada ne.

Baba Malam:
Da kama, Hajiya, amma da bambanci. Namu a wata uku zuwa huɗu yake zuba gaba ɗaya. Nasu ya fi yawa daga bazara zuwa tsakiyar shekara, amma yana ɗan rarrabuwa, ga ƙanƙara mai laushi da ke sauka lokacin sanyi. Sai dai sanyin nasu kisa yake yi, kuma iskar filin ba ta da abin da zai tare ta. A shekarun 1930 fari ya haɗu da noman da ya tone ciyawar asali, ƙasa ta tashi sama, guguwar ƙura ta rufe yankin shekara da shekaru. Nan ma mutane da yawa suka tattara.

Auwalu_Kansas:
Baba, bari in ƙara da abin da na karanta a allunan da ke ɗakin taron, don shi ya fi tsaya min. Mutanen farko daga jihar Kentucky suka fito, yankin Lexington da Georgetown, ƙasa mai itatuwa da korama. Kentucky ba ta ɓalle lokacin yaƙin basasar Amurka ba, don haka shelar 'yanta bayi da Shugaba Lincoln ya yi a 1863 ba ta shafe ta ba. Sai Disamban 1865 bauta ta ƙare a can. Shekara 12 kacal ke nan da 'yancinsu. A 1877 kuma gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu, baƙar fata ya ga abin da ke tafe. Wani fasto baƙi, W. H. Smith, da wani dillalin filaye farar fata, W. R. Hill, suka kafa kamfanin garin, aka yi ta raba takardun talla a coci-coci. Wannan Hill ɗin shi ne mai Hill City.

Jirgin ƙasa a Ellis ya sauke su, sauran kilomita 50 da wani abu a ƙafa da keken doki. Suka iso babu itacen gini. Sai suka haƙa ramuka a jikin tudu kusa da kogin Solomon, suka rufe da ciyawa da ƙasa, suka shiga. Makamashinsu busasshen kashin dabbobi da karan ciyayi. Wata mata, Willianna Hickman, da ta zo a 1878, ta ba da labari da tsufanta cewa da aka ce mata ga Nicodemus can, ta duba ba ta ga gari ba, sai hayaƙi da ke fitowa daga cikin ƙasa. Ta fashe da kuka. Wasu da suka ga haka juyawa suka yi.

Waɗanda suka tsaya, cikin shekara goma suka fito daga rami suka yi gini da dutse. Shaguna, otal, coci-coci, banki, jaridu biyu. Wani mazaunin garin, Edward McCabe, har ya ci zaɓen babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas a 1882. Ina tsaye a titin ina tuna wannan, sai na ji kalmar kufai ta yi min nauyi a baki.

Sadiq Fagge:
To me ya kashe shi, tun da har banki ya yi? Ni dai zuciyata na ce min wariya ce.

Baba Malam:
Jirgin ƙasa ne ya karya shi. A wancan zamani garin da layin dogo bai bi ta kansa ba, hatsinsa ba ya fita, kayan shagonsa ba sa shigowa da araha. Mutanen Nicodemus sun yi iya yinsu, har suka amince a ci bashi da sunan jama'a don jawo kamfani. Layin Missouri Pacific ya tsaya a Stockton bai ƙaraso ba. Na Union Pacific ya zo a 1888, amma ya bi ta kudancin kogin, kilomita kaɗan daga garin. Sansanin ma'aikatan layin ya zama gari mai suna Bogue, 'yan kasuwa suka kwashe suka koma can, wasu har da gine-ginensu.

Game da wariya, Sadiq, ba zan ce maka babu ita a Kansas ta 1888 ba. Amma ka sani a gundumar nan akwai Millbrook, garin fararen fata, wanda shi ne ma hedikwata ta farko. Guguwa ta rushe shi a 1887, hedikwata ta koma Hill City, yau babu shi. Garuruwan turawa da yawa sun mutu a filin nan saboda dogo ya kauce musu. Abin tambaya a wurina ba me ya sa Nicodemus ya ragu ba. Me ya sa bai ɓace ba kamar Millbrook?

Anti Ladi (Omaha):
Baba, a nan zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Dogo na iya zama tsautsayi, amma abin da ya biyo baya ba tsautsayi ba ne. A 1920 manoma baƙaƙe a Amurka sun haura 900,000. Yau ba su kai 50,000 ba. Manoma fararen fata ma sun ragu, amma ba da wannan saurin ba. Manoma baƙaƙe sun kai ma'aikatar noma ta tarayya kotu kan hana su rance da ja musu rai, aka yi sulhu a 1999 gwamnati ta biya diyya. A ƙasar da ruwa ke yaudara, wanda aka ba rance a kan lokaci shi ke tsallake shekarar fari. Wanda aka hana sai ya sayar wa maƙwabci. Ƙasa da iska ɗaya ne a kan kowa, amma ba kowa aka miƙa wa igiya ba.

Baba Malam:
Na yarda, Ladi. Kin cike inda na bari. Ni taswira na saba kallo, ke kuma kina zaune da mutanen.

Ɗanjuma Direba:
Kuma Bogue ɗin da ya ƙwace kasuwar, shi ma yau bai kai mutum 200 ba. Yana da magajin gari da majalisa, amma ban taɓa jin wani ya taso daga Kalifoniya don bikin Bogue ba.

Sadiq Fagge:
Duk na ji. Amma ku duba, ba gwamnati ce ke riƙe da shi yanzu ba? Yaya Auwalu ya ce akwai alluna da masu bayani. Wurin da ya koma sai an yi wa baƙi bayaninsa ai gidan tarihi ne.

Auwalu_Kansas:
Gaskiya ne majalisar dokokin Amurka ta ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a Nuwamban 1996, kuma gine-gine biyar aka ware: ɗakin taron, coci biyu, makarantar, da tsohon otal na St. Francis wanda a cikinsa gidan waya ya taɓa zama. Amma Sadiq, ba gwamnati ce ta zo ta tsinci wurin ba. Zuriyar garin ne suka kafa ƙungiyar tarihi, suka yi ta zirga-zirga har aka yi dokar. Kuma gwamnati ba ta saye garin ba. Gidaje da filaye na masu su ne. Mutum yana zaune a barandarsa ka wuce ka ɗaga masa hannu ya ɗaga maka. A gidan tarihi ba a shanya wanki, ni kuwa na ga wanki a igiya.

Hajiya ta Maraɗi:
Sadiq ɗana, ni ga yadda na san kufai. Kufai shi ne inda aka tashi, rijiya ta rufta, aka noma kan gidaje, sai ka ga tsohuwar kuka da fasassun tukwane ka ce da can akwai mutane. In ka tambayi jikokin waɗanda suka tashi, sai su ce mu 'yan gari kaza ne, su kira sabon wurin. Sunan tsohon ya fita daga bakinsu. Amma wurin da yaron da aka haifa a Denver zai ce ni ɗan Nicodemus ne, ya san filin kakansa, a biya wa filin haraji duk shekara, a yanke masa ciyawa, wannan ba a tashi ba tukuna. Zumunta a ƙafa take, su kuma shekara 140 da ɗoriya ƙafarsu ba ta ɗauke ba.

Tambaya ɗaya ce za ta raba mana gardama. Auwalu, in ɗayansu ya rasu a birni, ina ake kai shi?

Auwalu_Kansas:
Hajiya, akwai maƙabartu a wajen garin, amma ban shiga ba, ban ga ya dace in shiga ni kaɗai babu wanda ya kai ni ba.

Sadiq Fagge:
To ni a nan zan tsaya. In har ana ɗauko gawa daga Denver ko Kalifoniya a kawo ta nan, na janye kalmar kufai. Amma ba zan janye damuwata ba. Garin da ake zuwa a binne mutum daban, garin da ake haihuwa a cikinsa daban. Ina so in ji shekarar da aka yi suna na ƙarshe a Nicodemus, na jaririn da iyayensa ke kwana a can.

Baba Malam:
Tambaya ce mai kyau, kuma alƙaluman ƙidaya ba za su amsa ta da kyau a wuri ƙarami haka ba, saboda dalilin da Ladi ta faɗa. Sai an tambayi mutanen da baki.

Auwalu_Kansas:
In Allah ya kai mu ƙarshen Yuli zan koma lokacin taron. Zan nemi wani dattijo ya raka ni maƙabarta in duba shekarun da ke kan duwatsun, in kuma yi tambayar Sadiq.

Ɗanjuma Direba:
Ka sha mai tun daga Hays ko Stockton, kada ka dogara da samu a can. Ka riƙe ruwa da yawa a mota, zafin Yuli a filin nan yana haura digiri 38. In ka isa ka zagaya inda aka ajiye motoci ka karanta lambobinsu, kowace da sunan jiharta a jiki. Ka rubuto mana jiha nawa ka ƙirga.

Hajiya ta Maraɗi:
Ka kuma ɗebo min hoton dawar tasu in tana tsaye a gona, ina so in nuna wa maigidana. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Auwalu_Kansas:
Amin Hajiya. A Yuli ba ta fitar da kai sosai ba tukuna, amma zan ɗauko, in kuma sake ɗaukowa a Oktoba lokacin da ta yi ja.